Tambaya da Amsa: Daga Ina Sunan Featherstonehaugh Ya Samo Asali?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina karanta tarihin yadda aka fara shimfiɗa layin dogo a Amurka sai na ci karo da sunan wani Bature ɗan Ingila, George William Featherstonhaugh. Tsawon sunan ya ba ni mamaki, kuma wani malaminmu ya ce Turawa ba sa karanta shi yadda aka rubuta shi, wai "Fansho" suke cewa. Don Allah ina son a yi mini bayanin asalin wannan suna da ma'anarsa, da dalilin da ya sa furucinsa ya yi hannun riga da rubutunsa. Shin masu sunan 'yan gidan sarauta ne? Me kuma ya sa ba a cika jin sa ba, alhali sunaye irin su Smith da Brown sun cika ko'ina? Daga wata ɗalibar tarihi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Sunan da kika ci karo da shi sunan wuri ne tun kafin ya zama sunan mutane. Wurin yana arewacin Ingila, a gundumar Northumberland, a bakin kogin South Tyne, 'yan mil kaɗan daga garin Haltwhistle, kuma ba shi da nisa da tsohuwar ganuwar da Rumawa suka fara ginawa a shekarar 122 a zamanin sarkinsu Hadrian. Har yau akwai wani tsohon gidan dutse mai hasumiya a wurin, ana kiransa Featherstone Castle. Idan aka rubuta sunan cikakke, wato Featherstonehaugh, haruffa 17 ne, shi ya sa ake yawan lissafa shi cikin sunayen iyali mafi tsawo a Ingila, idan aka cire waɗanda aka haɗa sunaye biyu wuri guda.

Sunan ya ƙunshi kalmomi uku na tsohon Ingilishi, wato harshen da ake yi a ƙasar kafin shekarar 1100. Wanda ya san Ingilishin yau zai ɗauka kashin farko na nufin gashin tsuntsu, amma masana sunayen wurare sun fi karkata ga cewa asalinsa wata tsohuwar kalma ce mai nufin "huɗu", sannan kashi na biyu yana nufin "dutse". Duwatsu huɗun da ake nufi wani irin kabari ne na mutanen dā can, inda ake kafa manyan duwatsu uku a tsaye a ɗora na huɗu a kansu. Kashi na ƙarshe kuwa, "haugh", kalma ce da mutanen arewacin Ingila da na Sikotlan ke kiran shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke bakin kogi da ita, wato fadama. Ma'anar sunan ke nan a dunƙule: fadamar da ke kusa da duwatsu huɗu. Akwai wasu garuruwa masu suna Featherstone a Yorkshire da Staffordshire, amma wanda aka ƙara wa "haugh" a ƙarshe na Northumberland ne, kuma wannan ɗan bambanci zai yi mana amfani idan muka zo maganar ƙarancin masu sunan.

Kafin a fahimci yadda sunan fadama ya koma sunan mutane, sai an san cewa mutanen Ingila ba su da sunan iyali da ake gada kafin shekarar 1066, lokacin da William na Normandy ya ƙetaro teku daga arewacin Faransa ya ci ƙasar da yaƙi. Mutum suna ɗaya gare shi, wani lokaci da laƙabi, kuma laƙabin yana mutuwa tare da mai shi. Manyan jarumawan da suka zo tare da William su ne suka fara riƙe sunan ƙasar da suka mallaka suna bar wa 'ya'yansu, domin sunan kansa hujja ce ta gado: wanda ake kira "wane na wuri kaza" yana shelanta cewa wurin nasa ne, na ubansa ne kuma. Daga masu ƙasa al'adar ta gangaro zuwa ga 'yan kasuwar birane, sannan manoma, a cikin shekaru kusan ɗari uku. Abin da ya ƙara tura ta gaba shi ne haraji da shari'a. Sunayen yanka da ake amfani da su sun taƙaita ƙwarai, ta yadda a ƙauye guda za a sami John da William da Thomas birjik, kuma mai karɓar haraji yana bukatar ya bambance wanda ya biya da wanda bai biya ba. Littattafan harajin kai na shekarun 1377 da 1379 da 1381 sun nuna cewa a lokacin yawancin mutanen kudanci da tsakiyar Ingila sun riga sun sami suna na biyu, kodayake arewacin ƙasar ya ɗan makara. Sunayen sun fito ne ta hanyoyi huɗu: daga wuri, daga sana'a, daga sunan uba, ko daga laƙabi. Na wuri ya yi kama da yadda ake jingina mutum ga garinsu a wurinmu, sai dai a Ingila jinginawar ta daskare, ta bi jikoki da tattaɓa kunne ko da sun yi ƙarni biyar ba su taka garin ba.

Tun farkon ƙarni na 13 ake ganin sunan wannan iyali a takardun mallakar ƙasa, ana rubuta shi da ɗan harafin Faransanci "de" a gaba, mai nufin "na", wanda daga baya ya faɗi. Wajen shekarar 1330 wani Thomas de Featherstonehaugh ya ƙara wa gidan hasumiyar dutse mai kaurin bango. Ba don ado ya yi ta ba. Yankin yana kan iyakar Ingila da Sikotlan, kuma daga ƙarshen ƙarni na 13 har zuwa 1603, lokacin da Sarki James ya haɗa sarautun ƙasashen biyu, iyakar ba ta san zaman lafiya ba. Iyalai daga ɓangarorin biyu suna kai wa juna hari da dare, su kore shanu, su ƙone gidaje, kuma gaba tsakanin dangi da dangi takan wuce daga kaka zuwa jika. A irin wannan gaba ce mutanen gidan Ridley, maƙwabtansu, suka kashe wani ɗan gidan Featherstonehaugh a shekarar 1530.

Wannan kisa yana da wani ƙarin labari da ya kamata ɗalibar tarihi ta sani. A farkon ƙarni na 19 wani masanin tarihin gundumar Durham mai suna Robert Surtees ya ƙaga waƙa a kan kisan, cikin tsohon salon waƙoƙin bakin iyaka, ya aika wa shahararren marubucin Sikotlan Walter Scott, yana cewa an ji ta ne daga bakin wata tsohuwa. Scott, duk da gwanintarsa a wannan fanni, ya yarda, ya buga ta a matsayin waƙar gargajiya ta gaske. Kisan ya faru, amma waƙar ƙirƙira ce, kuma a ganina duk mai bin tarihin sunayen iyali ya kamata ya riƙa tuna wannan, domin fanni ne da labarai masu daɗin ji suka fi takardu masu inganci yawa.

A ƙarshen ƙarni na 16 wani reshe na iyalin ya zauna a Kirkoswald, a tsohuwar gundumar Cumberland da ke yamma, kuma daga wannan reshe ne Sir Timothy Fetherstonhaugh ya fito. Lokacin yaƙin basasar Ingila tsakanin sarki da majalisar dokoki, ya tsaya a bayan sarki. Bayan an fille kan Sarki Charles na ɗaya a 1649, ya sake ɗaukar makami domin ɗansa Charles na biyu, aka kama shi bayan faɗan da aka yi a Wigan a watan Agustan 1651, kotun soja ta yi masa shari'a a birnin Chester, aka fille masa kai a watan Oktoba na shekarar. A cikin wannan ƙarni ne kuma wani reshe ya ƙetara zuwa Ailan, inda zuriyarsa ta zama masu filaye a gundumomin Westmeath da Longford.

Yanzu ga tambayarki ta sarauta. Ba 'yan gidan sarautar Ingila ba ne, kuma ba su da alaƙar jini da sarakunan ƙasar da za a iya kafa hujja da ita daga sunan. Masu ƙasa ne na karkara, irin waɗanda ke zama alƙalan sulhu da wakilan majalisa a yankunansu. Muƙami mafi girma da ya shiga gidan shi ne na baronet, wanda Sarki James na ɗaya ya ƙirƙiro a 1611 domin tara kuɗi, inda kowane mai so yake biyan fam 1,095, kuɗin ciyar da sojoji 30 na shekara uku a arewacin Ailan. Mai wannan muƙami ana sa masa "Sir" a gaban sunansa, kuma babban ɗansa namiji yana gadonsa, amma ba ya cikin manyan masu sarauta da ke zama a majalisar dattawan ƙasar.

Wanda ya kawo wannan muƙami shi ne Matthew Fetherstonhaugh, wanda mahaifinsa attajiri ne a birnin Newcastle. A 1746 ya gāji dukiya mai ɗimbin yawa daga wani ɗan'uwansa na nesa, Sir Henry Fetherston, a shekara mai zuwa kuma ya zama baronet, ya sayi wani katafaren gida mai suna Uppark a gundumar Sussex, can kudancin Ingila, a kan fam 19,000. Ya zagaya Italiya tare da matarsa Sarah Lethieullier suna sayen zane-zane da kayan ɗaki, ya wakilci Morpeth sannan Portsmouth a majalisa, ya kuma gina wani gida a unguwar Whitehall ta birnin Landan, wanda a yau ake kira Dover House, ofishin gwamnatin Birtaniya mai kula da harkokin Sikotlan. Da haka sunan fadamar arewa ya koma kudu, kuma kafin ƙarshen ƙarni na 18 tsohon gidan bakin kogi ya fita daga hannun iyalin, ya koma hannun gidan Wallace.

A nan ne labarin ya fi ban sha'awa, kuma a nan ne nake ganin ainihin abin da wannan suna ke koya wa mai nazari game da Ingila yake. Sir Matthew ya rasu a 1774 ya bar ɗa guda, Sir Harry, wanda aka haifa a 1754. Sir Harry ya yi ƙuruciyarsa cikin sharholiya, da caca da tseren dawaki, yana abota da yariman da daga baya ya zama Sarki George na huɗu, kuma ya tsufa bai yi aure ba. A 1825, yana da shekara 70, ya auri Mary Ann Bullock, yarinya 'yar kimanin shekara ashirin da ke aiki a ɗakin sarrafa madara na gidansa, abin da ya zama abin tsegumi a tsakanin manyan gundumar. Sun zauna tare shekara 21 ba su sami haihuwa ba. Da ya rasu a 1846, muƙamin baronet ya mutu tare da shi, domin babu ɗa namiji da zai gāje shi, kuma jinin wannan reshe ya yanke ke nan.

Sai dai sunan bai bi shi kabari ba. Gidan da filayen sun koma hannun matarsa, wadda ta riƙe su har rasuwarta a 1874, ta bar wa ƙanwarta Frances Bullock. Frances ba ta haɗa komai da iyalin ta jini ba, amma ta ɗauki sunan Fetherstonhaugh, ta zauna a gidan ba aure har 1895. A wasiyyarta ta bar gidan ga wani hafsan soja, Kanar Keith Turnour, wanda ya ƙara sunan a kan nasa, bayansa kuma ga wani babban hafsan sojan ruwa, Herbert Meade, wanda shi ma a farkon shekarun 1930 ya koma Meade-Fetherstonhaugh. A 1954 ne aka miƙa gidan ga National Trust, ƙungiyar da ke adana tsofaffin gidaje da filaye domin jama'a. Ke nan daga 1846 zuwa 1954, shekara 108 cur, waɗanda suka riƙe Uppark da wannan suna babu ko ɗaya daga cikinsu da Sir Matthew ya haifa ko ya yi jika da shi.

Wannan ba wani abin mamaki ba ne a dokar Ingila. Dokar ba ta hana mutum ya sauya sunan iyalinsa ba matuƙar ba da niyyar zamba ya yi ba, kuma masu dukiyar da ba su da ɗa namiji sukan sa sharaɗi a wasiyya cewa duk wanda zai ci gadon sai ya ɗauki suna da tambarin gidan, yawanci ta hanyar neman izinin sarki a rubuce. Yawancin sunayen nan masu goyo biyu da kike gani a tsakanin tsofaffin gidajen Birtaniya ta wannan hanya suka samu. A wurin masu ƙasa na Ingila, suna yana manne da gida da fili fiye da yadda yake manne da jini. Da fili sunan ya fara a ƙarni na 13, da fili kuma ya ci gaba da rayuwa a Sussex bayan masu shi sun ƙare.

Game da furuci, malaminku bai ƙaga maganar ba, domin littattafan koyar da furucin sunaye sun daɗe suna kawo "Fansho" a matsayin misali. Dalilin irin wannan taƙaitawa yana cikin yanayin harshen Ingilishi kansa. Ana danna gaɓa ɗaya ta kalma da ƙarfi, yawanci ta farko, sauran gaɓoɓin kuma su raunana, su yi ta lalacewa a baki daga tsara zuwa tsara, alhali rubutun yana nan daram a takardun fili da na kotu, inda lauyoyi ba sa son a taɓa ko harafi ɗaya. Haruffan "gh" na ƙarshe ma a dā ana furta su daga maƙogwaro, amma wannan sauti ya ɓace daga Ingilishin kudu ƙarnuka da suka wuce. Haka ya faru da Cholmondeley, wanda ake kira "Camli", da Beauchamp, wanda ake kira "Bicam", da Mainwaring, wanda ake kira "Manarin". Daga baya sanin irin waɗannan furuci ya zama alamar aji: wanda ya karanta sunan yadda aka rubuta shi ya fallasa kansa cewa bai saba shiga cikin manya ba. Duk da haka, kada ki ɗauka kowa da kowa "Fansho" yake cewa. Da yawa daga cikin masu sunan suna furta shi kusan yadda yake a rubuce, wato "Fedaston-ho", kuma ladabin da ake bi a Ingila shi ne a tambayi mai suna yadda gidansu ke kiran sa. Ki kuma lura cewa akwai wani suna daban, Fanshawe, wanda ya fito daga wani wuri a gundumar Derbyshire. Kamannin furuci ne kawai ya haɗa su, asalinsu ba ɗaya ba ne.

Saura maganar ƙaranci, kuma dalilanta uku ne masu nauyi daban-daban. Na farko shi ne tushe. Smith na nufin maƙeri, kuma babu ƙauyen da ba shi da maƙeri, saboda haka sunan ya tsiro a dubban wurare lokaci guda a kan mutanen da ba su san juna ba. Brown laƙabi ne na launin gashi ko fata, shi ma ko'ina ana iya samun sa. Featherstonehaugh kuwa daga fadama guda ya fito, a yankin da jama'arsa ba su da yawa. Na biyu shi ne gutsurewa. Kafin ilimin karatu ya yaɗu, limamin coci ko magatakardan kotu ne ke rubuta suna yadda ya ji shi, shi ya sa za ki ga Fetherstonhaugh da Featherstonhaugh da Featherstonehaugh duk a dangi guda, kuma da yawa sun yar da wutsiyar sunan gaba ɗaya suka koma Fetherston ko Featherstone, suka narke cikin masu sunan da suka fito daga Yorkshire da Staffordshire. Reshen Longford na Ailan, alal misali, Fetherston suke rubutawa.

Dalili na uku na lissafi ne. Tun da ta hanyar 'ya'ya maza sunan ke tafiya a al'adar Ingila, duk mutumin da bai haifi namiji ba, ko nasa suka rasu ba su haihu ba, reshensa na sunan ya tsaya. A 1873 wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Francis Galton, ya jefa wa masana lissafi tambaya a kan yiwuwar ɓacewar sunayen iyali, wani limamin coci masanin lissafi mai suna Henry William Watson ya amsa, suka buga sakamakon tare. Watson ya yi kuskure a ƙarshen lissafinsa, inda ya yanke cewa kowane suna sai ya ɓace komai daren daɗewa. Amsar da ta tabbata, wadda Bafaranshe Bienaymé ya riga ya gano tun 1845, ita ce idan matsakaicin adadin 'ya'ya mazan da kowane namiji ke bari bai wuce ɗaya ba, to ɓacewa tilas ce, idan kuwa ya wuce ɗaya, sunan yana da damar tsira, amma ba tabbas. Sunan da ya fara da mutum dubu yana iya jure rashin haihuwar ɗari daga cikinsu. Wanda ya fara da gida guda kuwa, annoba ɗaya irin ta 1348, ko yaƙi ɗaya, ko tsoho ɗaya da ya makara wajen aure irin Sir Harry, ya isa ya datse babban reshe.

Shi kuwa mutumin da kika karanta labarinsa, an haife shi a Landan a 1780, ya tafi Amurka a 1806, ya zauna a jihar New York. Shi ne ya yi ta fafutukar kafa kamfanin jirgin ƙasa na Mohawk da Hudson, wanda ya sami izini a 1826, aka buɗe layinsa tsakanin Albany da Schenectady a 1831. A 1834 gwamnatin Amurka ta ɗauke shi a matsayin masanin duwatsu da ma'adinai na farko da ta taɓa ɗauka aiki. Daga baya ya zama ƙaramin jakadan Birtaniya a Le Havre ta Faransa, inda ya taimaka wa Sarkin Faransa Louis Philippe ya tsere zuwa Ingila lokacin juyin juya halin 1848, kuma a can ya rasu a 1866. Ta hanyar irinsa, da kuma zuriyar reshen Ailan, sunan ya kai Amurka da Kanada da Ostiraliya.

Wata wasiƙar da ta iso mana tana da alaƙa da wannan batu, saboda haka muka haɗa su.

TAMBAYA: Malam, na ga wasu shafukan intanet suna sayar da takarda mai ɗauke da tambarin iyali da tarihin kowane sunan Turawan Ingila. Shin gaskiya ne kowane suna yana da tambarinsa? Kuma idan mutum biyu suna da suna ɗaya wanda ba a cika samu ba, hakan na nufin 'yan'uwa ne? Daga wani mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Malam, a dokar Ingila babu wani abu wai shi tambarin suna. Tambari na mutum ne, wanda aka ba shi ko aka tabbatar masa, sannan zuriyarsa ta wajen maza su gāje shi. Hukumar da ke da ikon bayarwa a Ingila ita ce College of Arms da ke Landan, wadda Sarki Richard na uku ya kafa a 1484, kuma ita kanta tana nanata cewa haɗa suna da wani ba ya ba mutum haƙƙin amfani da tambarinsa. Abin da masu sayar da waɗannan takardu ke yi shi ne su ɗauko tambarin wani mutum guda daga tsofaffin littattafai su liƙa wa duk mai irin sunansa, su ƙara da 'yan sakin layi na tarihi da ake maimaitawa kusan kalma da kalma a kan ɗaruruwan sunaye. Ado ne na bango, ba hujja ba. Wanda ke son bayani mai tushe ya nemi babban ƙamus ɗin sunayen iyali na Birtaniya da Ailan da madaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar a 2016, wanda ya tattara sunaye fiye da 45,000, kowanne da tsofaffin wuraren da aka fara ganin sa a rubuce.

Tambayarka ta biyu tana da amsa daga kimiyya. Akwai wata ƙwayar halitta da ɗa namiji ke gada daga mahaifinsa kaɗai, wadda masana ke kira Y, kuma hanyar da take bi ita ce dai hanyar da sunan iyali ke bi. A 2009 Turi King da Mark Jobling na Jami'ar Leicester sun buga binciken da suka yi a kan maza masu ɗauke da sunaye 40 na Birtaniya. Sun gano cewa a sunaye gama-gari irin su Smith babu wata alaƙar jini ta musamman tsakanin masu sunan, amma gwargwadon ƙarancin suna gwargwadon ƙaruwar yiwuwar cewa yawancin masu shi kakansu ɗaya. Ka lura da kalmar "yawanci". Ko a sunan da tushensa ɗaya ne akan sami waɗanda suka shigo ta riƙo, ko ta ɗaukar sunan uwa, ko ta sharaɗin wasiyya irin wanda muka gani a gidan Uppark, inda mutum huɗu a jere suka amsa suna ɗaya alhali gwajin jini ba zai haɗa ko ɗayansu da mai hasumiyar 1330 ba.

Hanyar tabbatarwa ita ce bin takardu daga baya-bayan nan zuwa can baya, tsara bayan tsara, ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales a watan Yulin 1837. Ƙidayar jama'a ta fara ɗaukar sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya daga 1841, kuma ana buɗe bayananta ga jama'a ne bayan shekara 100, shi ya sa ta 1921 ta fito a farkon 2022. Ta 1931 ta ƙone a gobara a 1942, ba a kuma yi ƙidaya a 1941 ba saboda yaƙin duniya na biyu, don haka masu bincike ke dogara da rajistar da aka yi wa jama'a a watan Satumban 1939 domin cike wannan giɓi. Kafin 1837 sai a koma ga littattafan coci, waɗanda Thomas Cromwell, babban ministan Sarki Henry na takwas, ya ba da umarnin a fara ajiyewa a 1538, kodayake na farko-farkon da yawa sun salwanta. Akwai kuma ƙungiyar Guild of One-Name Studies, wadda aka kafa a 1979, inda kowane mamba ke ɗaukar suna guda ya bi duk masu shi a duniya, kuma sunaye masu ƙaranci ne suka fi dacewa da irin wannan aiki. Duk wanda zai nemi Featherstonehaugh a waɗannan takardu dole ne ya neme shi da "a" a gaɓar farko da kuma ba "a", da "e" a tsakiya da kuma ba "e", da wutsiyarsa da kuma ba wutsiya, domin mutum guda yana iya bayyana da rubutu ɗaya ranar sunansa, wani ranar aurensa, wani kuma daban ranar binne shi.